Allurar Rage Ƙiba: Ta Kamfani Daban, Ta Haɗi Daban, Jabu Daban

Saƙon yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a karanta har ƙarshe. Wadda take da uwa ko ƙanwa a gida da ba ta iya karatun boko ba, ta karanta mata.

Abin da ya sa na ɗauki waya na zauna rubutu shi ne tallar da ta cika mana zaurukan WhatsApp a 'yan watannin nan. Kullum sai an turo hoton wata 'yar kwalba ko wani biro mai shuɗin kai, an rubuta a ƙasa wai allurar rage ƙiba ce, sau ɗaya a mako, babu motsa jiki babu hana kai cin abinci. Wasu daga cikin masu turowar namu ne, kuma na san da yawansu da kyakkyawar niyya suke yi, sana'a suke nema. To amma allura ba turaren wuta ba ce, ba atamfa ba ce. Abu ne da ke shiga jini, idan ya shiga kuwa ba mai iya zaro shi.

Kwanan baya mun je gaishe da wata 'yar uwarmu a asibiti. Bikin ɗiyarta ya matso, ta ga anko ya ɗame ta, sai wata ƙawarta ta haɗa ta da mai sayar da allura ta waya. Aka aiko mata da kwalba cikin leda a bayan babur, da sirinji guda huɗu, da saƙon murya na yadda za ta yi. Ta yi wa kanta da dare. Kafin asuba amai ya sarƙe ta, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Kwana uku tana kwance ana ƙara mata ruwa. Da likita ya ce a kawo kwalbar ya gani, babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Aka kira mai sayarwar, ta ce ita ma sarowa take yi. Allah Ya taƙaita, ta tashi. Amma ranar kamu a kan gado ta yi ta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: maganin nan na gaske ne, yana aiki, kuma rahama ne ga masu ciwon suga da masu ƙibar da ta zama cuta. Sai dai abubuwa uku ake sayarwa da suna ɗaya, kuma duk macen da ba ta san bambancinsu ba, da ranta take caca. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: TA KAMFANI

Sunayen da kuke ji, Ozempic da Wegovy, duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yin su. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Ozempic a 2017 domin masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya. Wegovy kuma ta amince da shi a 2021 domin rage ƙiba. Sai Mounjaro da Zepbound, su sinadarinsu tirzepatide, na kamfanin Eli Lilly na Amurka. An amince da Mounjaro a 2022 domin suga, Zepbound kuma a 2023 domin ƙiba.

Yadda suke aiki ba sihiri ba ne. Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa na fitar da wani sinadari da likitoci ke kira GLP-1. Shi ke gaya wa jiki ya saki insulin idan suga ya hau, shi ke rage saurin fitar abinci daga tumbi, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi. Na jikinmu cikin 'yan mintuna yake ɓacewa. Masu bincike suka ƙera mai kama da shi wanda ke daɗewa kusan mako guda a jiki, shi ya sa allurar take sau ɗaya a mako. Tirzepatide kuwa ƙofa biyu yake bugawa, ta GLP-1 da ta wani ɗan uwansa da ake kira GIP.

Kafin a bari a sayar da su, an gwada su a kan dubban mutane. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2021, mutum kusan 2,000 masu ƙiba aka bi har mako 68. Waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa kashi 2 da ɗan ɗoriya. Wato mace mai kilo 100 ta dawo wajen 85, amma fa cikin shekara ɗaya da wata huɗu. Duk wadda ta ce miki cikin mako biyu za ki koma 'yar budurwa kafin biki, ƙarya take yi miki. A gwajin tirzepatide kuma, masu karɓar mafi girman awo sun rage kusan kashi 21 cikin 100 a mako 72. Wani gwajin da ya haɗa sama da mutum 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna semaglutide ya rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100.

Abin da ke sa ta kamfani ta zama abin dogaro ke nan. An san abin da ke ciki, an san adadinsa, an san masana'antar da ta yi shi, masu sa ido na shiga su duba. Kowane kwali na da lambar rukuni, idan matsala ta ɓullo ana iya bin sawu a janye shi daga kasuwa. Biron kuma an saita shi, murɗawa za ki yi lamba ta fito, ba ke za ki yi lissafi ba. Kuma ba a farawa da babban awo. Ozempic ana farawa da miligiram 0.25 a mako har mako huɗu, sannan a hau 0.5, daga nan likita ya ga ko akwai buƙatar ƙari. Wegovy sai an yi wata huɗu ana hawa a hankali kafin a kai 2.4. Dalili kuwa, idan aka yi gaggawa ciki ba ya ɗauka.

Ko ta kamfanin ma tana da illa: tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, musamman a farko. Wasu kan samu duwatsun matsarmama, wasu ƙalilan kumburin saifar da ke yin insulin, wadda ciwo ne mai tsanani. Amma illa ce da aka sani, aka rubuta a takardar cikin kwali, likita ya san abin da zai lura da shi.

NA BIYU: TA HAƊI

Haɗa magani a famasi tsohuwar sana'a ce, kuma halal ce. Duk uwar da ta taɓa jinyar jariri a babban asibiti ta ga yadda mai harhaɗa magunguna ke niƙa ƙwayar manya ya mayar da ita ruwa daidai nauyin yaro. Ko mutum ya zama jikinsa ba ya ɗaukar wani sinadari da ke cikin maganin kamfani, sai a haɗa masa nasa babu wannan abin. Kamar tela ne da ke ɗinka wa mutum ɗaya daidai jikinsa.

To yaya aka yi allurar rage ƙiba ta shiga wannan layin? Labarin daga Amurka ya taso. Dokar can ta hana famasi kwaikwayon maganin da kamfani ke sayarwa, sai idan maganin ya yi ƙaranci har FDA ta sa shi a jerin waɗanda ake nema ba a samu. A 2022 mutane suka yi wa alluran nan rubdugu, kamfanonin suka kasa wadatar da kasuwa, semaglutide da tirzepatide duk suka shiga jerin. Nan ƙofa ta buɗe. Famasi-famasi suka riƙa sayo garin sinadarin, yawanci daga ƙasashen waje, suna narkawa suna durawa a kwalabe, ana sayarwa ta intanet. Ta kamfani a lokacin tana kai dala 1,000 ko fiye a wata ga wanda ba shi da inshora, ta haɗi kuwa 'yan ɗaruruwa. Jama'a suka yi ca.

Gaskiya ɗaya ce, mutane da yawa a can sun amfana, don da babu ta haɗin ba za su taɓa iya saye ba. Akwai kuma famasi masu lasisi masu tsafta da suka yi aikin bisa ƙa'ida. Amma ga inda gizo ke saƙar: FDA da kanta ta ce ba ta duba ingancin maganin haɗi ko amincinsa kafin a sayar, kamar yadda take yi wa na kamfani. Gwaje-gwajen nan na dubban mutane da na ambata, ba a kan ta haɗi aka yi su ba. Kuma hukumar ta bayyana matsaloli da ta gano.

Ɗaya, wasu masu haɗin ba ainihin semaglutide suke amfani da shi ba, wasu dangoginsa ne da ake kira semaglutide sodium da semaglutide acetate, waɗanda ba a tabbatar suna aiki ko suna da aminci irin na asali ba. Biyu, wasu na cakuɗa shi da wasu abubuwa kamar bitamin B12, haɗin da ba a gwada ba. Uku, kuma wannan ne ya fi kwantar da mutane, kuskuren awo. A 2024 FDA ta fitar da gargaɗi cewa an samu waɗanda suka yi wa kansu ninki biyar har zuwa ninki ashirin na abin da ya kamata, wasu har asibiti.

Ku tsaya ku ga yadda kuskuren ke faruwa, don abu ne mai sauƙin afkuwa. Ta haɗi a kwalba take zuwa, ke za ki zuƙo da sirinji. Likita da miligiram yake magana, kwalba da mililita, sirinjin insulin kuma da yunit aka zana shi. Idan kwalbar mai ƙarfin miligiram 5 ce a kowace mililita, awon farko yunit 5 ne kacal, ɗan ɗigon da ido ke rainawa. Sai mace ta ga kamar bai isa ba, ko ta rikita 5 da 50, ta zuƙo rabin sirinji. Ninki goma ke nan. Idan kuma wata mai zuwa aka kawo mata kwalba mai wani ƙarfin daban, yunit ɗin da ta saba ya tashi daga daidai. Tunda maganin kusan mako yake yi kafin rabinsa ya bar jiki, wadda ta zarce awo kwanaki za ta yi tana amai, babu wata allurar da za a yi mata ta karya shi. Sai dai ƙarin ruwa da haƙuri.

Sai batun tsafta. Abin da za a soka a jiki dole a haɗa shi a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a 2012, lokacin da wani wurin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ya rarraba allurar ciwon baya da ta gurɓace da fumfuna. Sama da mutum 750 suka kamu, fiye da 60 suka mutu da sanƙarau. Wannan ne ya sa majalisarsu ta yi sabuwar doka a 2013 ta ƙara tsaurara sa ido. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, mai dubban jami'an bincike.

Yanzu ma ƙofar ta rufe. FDA ta sanar cewa ƙarancin tirzepatide ya ƙare a ƙarshen 2024, na semaglutide kuma a Fabrairun 2025, aka ba masu haɗi 'yan watanni su daina kwaikwayo da yawa. Saboda haka idan wata ta ce miki kwalbarta "haɗin Amurka ce, an yarda da ita a can", ki tambaye ta wace famasi, wane likita ya rubuta, da sunan wa aka haɗa. Maganin haɗi na ƙa'ida da sunan majiyyaci yake fitowa bisa takardar likita. Ba a saro shi katan-katan kamar man shafawa.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni, garin da ake sayowa ta intanet da aka rubuta a jikinsa da Turanci cewa na bincike ne kawai, ba na amfanin ɗan Adam ba. Shi wasu ke narkawa da ruwa a ɗakin kwanansu su ɗura a kwalba su liƙa takarda mai kyau. Wannan ko sunan haɗin famasi bai cancanta ba.

NA UKU: JABU

Jabu shi ne wanda ya saka rigar kamfani alhali ba nasa ba ne. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da Ozempic na jabu, sugansu ya faɗi warwas, wasu har da jijjiga, abin da ya nuna insulin ne a cikin biron. A shekarar hukumar magunguna ta Ingila ta kama ɗaruruwan irin waɗannan birukan. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun semaglutide da aka gano a Brazil da Ingila da Amurka. Mu ma nan NAFDAC ta gargaɗi jama'a kan jabun Ozempic.

Ku gane dabarar: biron insulin ya fi araha nesa ba kusa ba, sai a ɓare takardarsa a liƙa ta Ozempic. Macen da ba ta da ciwon suga ta murɗa ta yi wa kanta insulin mai yawa da dare ta kwanta. Suga ya faɗi tana barci, gumi, rawar jiki, suma. Idan ba a farga da wuri ba, sai dai a ce kwana ya ƙare.

Mu 'yan Nijeriya ba baƙin wannan bala'in ba ne. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗa cewa jabun insulin ne ya kashe 'yar uwarta mai ciwon suga, kuma wannan ne ya sa ta ɗauki yaƙi da jabun magunguna da zafi. A 2008 maganin haƙoran jarirai na My Pikin, da ya gurɓace da sinadari mai guba, ya hallaka yara sama da 80. Iyayen yaran nan ba sakaci suka yi ba, sun yarda da kwalba ne kawai.

ZAFINMU DA WUTARMU

Ga wani abu da masu talla ba sa faɗa. Ko allurar ta gaske ce, dole a ajiye ta a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare. Biron Ozempic idan an fara amfani da shi yana iya zama a waje har kwana 56, da sharaɗin zafi bai wuce digiri 30 ba. To ku faɗa mini, a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano cikin watan Afrilu, da zafi ke haura 40, wane ɗaki ne ke ƙasa da 30 idan babu wuta? Allurar da ta taho cikin akwatin 'yar kasuwa daga Dubai ko Makka, ta kwana a tasha, ta hau bayan babur da tsakar rana, ko da daga masana'anta ta fito lafiya, ba lallai ta iso hannunki da ƙarfinta ba. Famasi mai rajista da firij da janareta ko sola shi ne kaɗai zai iya ba ki tabbacin sanyin bai yanke ba.

WAƊANDA BAI KAMATA SU KUSANCE TA BA

Wannan ɓangaren namu ne mata. Mai juna biyu ba ta yin wannan allurar. Mai neman haihuwa, ƙa'idar semaglutide ita ce ta daina aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki. Mai shayarwa ta nemi shawarar likita tukuna. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani cewa tirzepatide na iya rage mata ƙarfi, musamman a makonni huɗu na farko da kuma duk lokacin da aka ƙara awo. Kuma rage ƙiba kansa na dawo wa wasu mata da haihuwar da ta tsaya, sai ciki ya shiga ba a shirya ba alhali ana kan allura.

Wadda a danginsu akwai wani nau'in kansar maƙoshi da likitoci suka sani, ko ta taɓa kumburin saifar insulin, ba ta yi. Mai ciwon suga da ke kan insulin ko ƙwaya irin glibenclamide, idan ta ƙara wannan ba tare da likita ya gyara mata awo ba, suganta na iya faɗuwa. Mai ciwon ƙoda, amai da gudawa na iya ƙarasa ƙodar. Wadda za a yi wa tiyata dole ta gaya wa likita tana kan allurar, domin abinci na daɗewa a tumbi, yana iya komawa huhu idan an sa ta barci. Mai niyyar azumi ta zauna da likitanta tun kafin wata ya kama. Wace mai talla ce a Instagram ta taɓa yi miki ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyin kafin ta turo lambar akawu?

Kuma ba a yi maganin don mai son ta shiga anko ba. An yi shi ne don masu ciwon suga, da waɗanda awon ƙibarsu, wato lissafin nauyi da tsawo da ake yi a asibiti, ya kai 30, ko 27 idan akwai hawan jini ko makamancinsa. Sannan ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. A binciken da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo. Wadda za ta fara ta san doguwar tafiya ce, ta auna aljihunta.

Abin dariya abin tausayi, jiya-jiyan nan muke faɗa da 'yan matanmu kan sha-ka-fashe don su yi ƙiba, yau iyayensu ne ke bin allura don su rame. Kasuwa ɗaya ce, masu cin riba ɗaya ne, jikin mace ne dai gonar.

MAGANAR KUƊI

Na san abin da wasunku za su ce: Hajiya, ke kina da halin sayen ta kamfani, mu fa? Wallahi maganarku gaskiya ce, kuma ba zan kare kamfanonin nan ba. Biro ɗaya na gaske ya fi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ana iya samar da semaglutide na wata guda a ƙasa da dala 5 har da riba. A shekarar Sanata Bernie Sanders ya gayyaci shugaban Novo Nordisk gaban majalisar dattawan Amurka kan tsadar. Tsadar nan ce ta haifi kasuwar haɗi da ta jabu.

Amma maganin tsada ba shi ne mu soka wa kanmu abin da ba mu san ko mene ne ba. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana, balle a kan lafiya. Kuɗin gado da ƙarin ruwa na kwana uku ya cinye rangwamen da aka samu.

Akwai hanya ta huɗu da ke tafe, ita ya kamata mu sa wa ido. Idan wa'adin mallakar magani ya ƙare, wasu kamfanoni na samun izinin yin irinsa, a gwada a tabbatar daidai yake da na asali, hukuma ta yi masa rajista. Haka metformin da paracetamol suka zama masu araha. Wannan daban yake da haɗi, don shi ya bi ta hannun hukuma. Wa'adin semaglutide a 2026 yake ƙarewa a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Brazil da Kanada, kuma Indiya ce ke kawo mana kaso mai yawa na magungunanmu. A Satumban 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan alluran cikin jerin muhimman magunguna domin wasu masu ciwon suga. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya sama da miliyan 3 ke da ciwon a Nijeriya. Iyayenmu ne, mazajenmu ne, mu ne.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na farko, masu kula da zaurukanmu, daga jiha har mazaɓa, a daina barin tallar allura. Duk wadda ta turo, a goge, a kira ta gefe a yi mata bayani cikin mutunci. Mata na yarda da abin da suka gani a zaurenmu saboda sun yarda da mu. Idan wata ta sayi abu a nan ya illata ta, alhakin har da mu.

Na biyu, 'yan uwanmu masu wannan sana'ar, ku ji tsoron Allah ku sauya haja. Ko kyamis mai lasisi doka ba ta ba shi damar sayar da irin wannan allurar ba, sai famasi mai rajista da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, bisa takardar likita. Ranar da wani abu ya faru, wadda kika saro a wurinta za ta kashe waya, ke za a kama.

Na uku, wadda take ganin tana buƙata, ta fara da asibiti. A auna suga, a auna jini, a duba ƙoda. Idan likita ya rubuta, ta saya a famasin da ta ga firij ɗinsa da idonta, ta duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar lalacewa, ta karɓi rasit, ta ajiye kwalin. NAFDAC na da kundin magunguna masu rajista a intanet da ake kira Greenbook, yaranmu na iya duba mana. Ruwan cikin biron ya zama garau, babu launi babu gurɓi. Idan farashi ya yi arhar da ta ba ki mamaki, ki bar musu kayansu.

Na huɗu, mai ciwon suga kada ta ajiye metformin ɗinta ko insulin ɗinta saboda wata ta ce ga sabuwar allura. Wadda kuma ta riga ta yi ta kwalba, idan ta ji amai ba ƙaƙƙautawa, ko ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa baya, ko gumi da jiri da rawar jiki, a ba ta abu mai zaƙi idan tana iya haɗiya, a wuce asibiti da kwalbar a hannu. Kada kunya ta sa ta ɓoye wa likita abin da ta yi.

Na biyar, mu da ke da bakin magana da kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisa, mu kai musu wannan. A sa gwajin suga kyauta a asibitocin matakin farko. A sa magungunan suga cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihohi. Idan masu rajista masu araha suka fito, NAFDAC ta duba su da wuri, gwamnatoci su saya da yawa don farashi ya sauko. A kuma bi masu tallar allura a intanet kamar yadda ake bin masu shago. Lokacin yawon neman ƙuri'a mu ake turawa gida-gida, to mu ma muna da abin da za mu nema, kuma wannan na ciki.

Jikin nan amana ne. Wadda Allah Ya yi ta da jiki kuma lafiyarta ƙalau, ta gode Masa, ta rage lemon kwalba da yawan mai, ta riƙa taka ƙafa da safe, ta ba tela ya buɗe anko. Wadda ƙiba ko suga ke cutar da ita, magani na nan, ta neme shi ta ƙofar da ta dace.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya tsare mu da zuri'armu daga sharrin jabu da masu yin sa. Don Allah a tura wa sauran zaurukan mata.